Rumbu Ɗaya, Masu Gida Biyu: Tarihin Ma'ajin Tarayya Na Manyan Na'urori

A ranar Alhamis, 1 ga watan Oktoba na shekarar 2020, kasuwar hannun jari ta birnin Tokyo ba ta ci ba. Dillalai sun hallara a ofisoshinsu tun da sassafe kamar yadda suka saba, amma da ƙarfe tara ya buga, lokacin da ya kamata a buɗe ciniki, sai aka ji shiru, haka kuwa aka wuni har rana ta faɗi. Tun daga shekarar 1999, sa'ad da kasuwar ta mai da cinikinta duka a kan na'urori masu ƙwaƙwalwa, ba a taɓa yin wuni guda cur ba a yi saye da sayarwa ba sai ran nan. Kasuwannin Nagoya da Fukuoka da Sapporo su ma dole suka rufe, domin da na'urorin Tokyo suke aiki.

Abin da ya jawo wannan hasara ɗan ƙarami ne. Wani ɓangaren ƙwaƙwalwa ne ya lalace a cikin ɗaya daga na'urori biyu masu riƙe da ma'ajin bayanan da sauran na'urorin kasuwar ke tarayya a kansa. Ta biyun tana nan lafiya lau, an kuwa ajiye ta ne musamman domin irin wannan rana, amma ba ta karɓi aikin ba, saboda yadda aka saita ta.

Domin a fahimci yadda haka ta faru, sai an koma baya shekara sittin da wani abu. Bankuna da kamfanonin jiragen sama da asibitoci ba su dogara ga na'ura guda, sai su haɗa manyan na'urori masu hidima guda biyu ko fiye su zama gungu, don in ɗaya ta tsaya wata ta ci gaba. To, amma wadda za ta ci gaba ɗin dole ne ta iske lissafi daidai inda 'yar'uwarta ta bar shi. Saboda haka akan fid da faifan ajiya daga cikin na'urorin, a sa su a wani akwati na dabam wanda kowace na'ura ke iya kai wa gare shi, tamkar rumbu guda a tsakar gidan gandu. Mutumin da ya ciri kuɗi a injin banki a Kumasi, ko ya aika wa iyalinsa guzuri daga Jidda ko London, da wuya cinikinsa bai ratsa ta irin wannan rumbu ba. Gina rumbun bai taɓa zama babbar wahala ba. Abin da ya ɗauki masana shekaru suna fama shi ne tambayar wa ke riƙe da mabuɗi, musamman a sa'ar da masu gidan suka daina jin muryar juna.

Faifai na farko da umurnin kamawa

A watan Satumba na shekarar 1956 ne kamfanin IBM ya bayyana faifan ajiya na farko, wanda aka ƙera a garin San Jose na jihar Kalifoniya ta Amurka, a tare da na'urar da ake kira RAMAC. Faya-fayai 50 ne aka jera bisa sanda guda, kowanne faɗinsa inci 24, dukansu kuwa haruffa miliyan 5 kaɗai suke ɗauka. Ko da yake wannan ɗan kaɗan ne, fa'idarsa ita ce ana iya zuwa kai tsaye ga bayanin da ake so, ba sai an warware zaren tef tun daga farko ba. Daga nan ne aka soma tunanin aikin da ba ya jiran gobe. Kamfanin jiragen sama na American Airlines ya haɗa kai da IBM suka kafa tsarin sayar da tikiti mai suna SABRE, wanda ya kankama sosai a shekarar 1964, da manyan na'urori biyu ƙirar IBM 7090 a Briarcliff Manor ta jihar New York. Da ma duk wanda ya rataya cinikinsa a wuyan na'ura, tilas ya tanadi ta biyu.

A cikin wannan shekara ta 1964 IBM ya fito da jerin na'urorin System/360, kafin ƙarshen shekarun 1960 kuwa ya ba da damar a haɗa akwatin faifai ɗaya da na'urori biyu. Nan da nan matsalar ta bayyana, domin in dukansu biyu suka yi rubutu a wuri guda a lokaci guda, na baya zai shafe na farko. Maganin da aka samo shi ne umurni biyu, na kamawa da na saki. Na'urar da ke son yin rubutu sai ta kama faifan gaba ɗaya, ɗayar kuwa duk sa'ad da ta zo sai a ce mata ana aiki, har sai an saki.

Dabarar ta yi amfani, amma tana da aibi. Saboda 'yar magana guda sai a kulle faifai sukutum, kamar wanda ya rufe kasuwa don zai auna mudu ɗaya. Wani lokaci kuma na'ura ta farko ta kama faifai na ɗaya tana jiran na biyu, alhali ta biyun ta kama na biyu tana jiran na ɗaya, sai su yi cirko-cirko, ba mai saki. Mafi muni shi ne na'ura ta mutu da mabuɗi a hannunta, sai ma'aikaci ya taso ya warware kamun da kansa. A farkon shekarun 1980 IBM ya ƙara wani tsari wanda na'urorin ke miƙa wa juna saƙo a zagaye suna shaida abin da kowace ta kama, domin a riƙa kulle fayil ɗaya maimakon faifai duka.

Na'urar da aka ce ba ta tsayawa

A shekarar 1974 wani injiniya mai suna James Treybig ya kafa kamfanin Tandem a Cupertino ta Kalifoniya, da niyyar ƙera na'urar da lalacewar abu guda ba za ta tsai da ita ba. Ya sa mata suna NonStop, ta farko kuwa bankin Citibank ne ya karɓe ta a shekarar 1976. A cikinta akwai ƙwaƙwalwa daga 2 har zuwa 16, kowace da nata wurin tunani, an haɗa su da hanyoyin saƙo guda biyu. Kowane akwatin kula da faifai yana da ƙofa biyu, ɗaya ga wannan ƙwaƙwalwa ɗaya ga waccan, amma a kowane lokaci ɗaya ce tak mai iko da shi. Ana kuma iya yin faifan tagwaye, duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta a ɗan'uwansa. Bugu da ƙari, kowace ƙwaƙwalwa takan aika wa sauran ɗan gajeren saƙo a kai a kai cewa tana raye. Wannan shi ne abin da ma'aikata suka riƙa kira bugun zuciya, in aka daina jinsa sai mataimakiya ta karɓi faifan.

Wani masani na kamfanin, Jim Gray, ya zauna a shekarar 1985 ya bi rahotannin tsayawar waɗannan na'urori a wuraren da ake aiki da su, don ya gano abin da ke kayar da su. Sakamakon ya ba mutane mamaki. Lalacewar ƙarfe da waya kashi 18 cikin 100 kaɗai ta ɗauka, kurakuran manhaja suka ɗauki kashi 25, amma kashi 42 daga hannun mutane ya fito, watau wajen gyara da gudanarwa da saiti. Ma'anar wannan ita ce, da zarar an yi wa kowane abu na biyunsa, sai haɗarin ya tashi daga jikin ƙarfe ya koma kan mai haɗa wayoyin da mai rubuta lambobin saiti. Abubuwan da suka faru daga baya sun yi ta gaskata shi.

Ƙuri'ar da ke raba gardama

Kamfanin da ya fi kowa tasiri a wannan fage shi ne Digital Equipment, wanda aka fi sani da DEC, wanda Ken Olsen ya kafa a shekarar 1957 a garin Maynard na jihar Massachusetts. A shekarar 1983 ya bayyana tsarin VAXcluster, manhajar VMS ta huɗu kuma, wadda ta fito a 1984, ta cika aikin. A nan faya-fayan ba na kowace na'ura ba ne. Suna ƙarƙashin wani akwati mai zaman kansa, HSC50, wanda ba shi da aiki sai hidimar ajiya. Na'urorin da akwatunan duka suna haɗuwa a wata mahaɗa mai siffar tauraro, wadda ba ta bukatar wutar lantarki, don haka da wuya ta lalace. Kowace na'ura tana zuwa mahaɗar ta hanya biyu, kowace hanya tana ɗaukar megabit 70 a sakan guda, ana kuma iya haɗa har guda 16, muddin ba wadda ta yi nisan da ya wuce mita 45.

Sabon abin da DEC ya kawo shi ne, dukan na'urorin suna iya karatu da rubutu a faifai ɗaya a lokaci guda. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne wani tsarin rabon makullai da ke warwatse a tsakaninsu. Kafin wani aiki ya taɓa fayil, ko ma layi guda a cikin fayil, sai ya nemi makulli, makullan kuwa iri 6 ne, tun daga na mai cewa yana da sha'awa kawai, da na masu karatu tare, har zuwa na mai cewa kowa ya kauce sai shi kaɗai. In na'ura ta mutu, sauran sukan dakata kaɗan, su sake lissafin makullan, su kwance waɗanda mamaciyar ta bari, sa'an nan aiki ya ci gaba. Tsarin makullan da aka yi daga baya a manhajar Linux a kan wannan aka kwaikwaye shi.

Amma fa akwai wani haɗari wanda makulli ba ya maganinsa. A ɗauka na'urori biyu ne a banki, sai wayar da ke tsakaninsu ta tsinke, alhali kowace tana raye, kowace kuma tana ganin faifan. Ta farko ta daina jin bugun zuciyar ta biyu, sai ta ɗauka ta mutu. Ta biyun ita ma haka ta ɗauka. Kowace sai ta naɗa kanta mai gida, ta shiga ba da makullai ba da sanin ɗayar ba. Mutumin da ke da dala 500 a asusunsa sai a biya shi a nan, a kuma biya shi a can. Wannan ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake a faifan, domin in hannu biyu suka yi ta rubutu a kanta, sai ta dagule yadda ba mai iya karanta ta. Masana suna kiran wannan hali rabuwar ƙwaƙwalwa. Tushensa kuwa shi ne, daga nesa ba yadda za a bambanta wanda ya mutu da wanda muryarsa ce kawai ba ta isowa.

Maganin da DEC ya ɗauka daga majalisa ya aro shi. Tun a shekarar 1979 masana biyu, Robert Thomas da David Gifford, kowanne ya wallafa bincike a kan yin amfani da rinjayen ƙuri'a wajen kiyaye bayanai. A tsarin VAXcluster kowace na'ura ana ba ta ƙuri'a, ana kuma rubuta mata jimlar ƙuri'un da ake sa rai. Sai a ƙara 2 a kan jimlar, a raba biyu, a yar da ɓurɓushi, abin da ya fito shi ne adadin da zama ba ya halatta sai da shi. In na'urori 3 ne, adadin 2 ne. Idan waya ta tsinke, ɓangaren da ke da biyu ya ci gaba, wadda ta rage ita kaɗai kuwa sai ta daskare, ba karatu ba rubutu, har sai ta sake ganin 'yan'uwanta. Ba zai yiwu ɓangarori biyu su sami rinjaye a lokaci guda ba, asirin ke nan. Masu tsarin sun zaɓi tsayawa a kan ɓarna, domin aikin da ya tsaya ana iya tayar da shi, amma lissafin da ya dagule sai an koma ga kwafin jiya.

Saura gungu mai na'urori biyu kacal, wanda shi ne ya fi yawa saboda araha. A nan jimla 2 ce, adadin da ake bukata shi ma 2, ke nan mutuwar ɗaya ta tsai da ɗayar, an yi ba a yi ba. Sai aka ba faifai guda a cikin ma'ajin tarayya ƙuri'a tasa. A kansa akwai wani ɗan fayil da na'urorin ke leƙawa a kai a kai, wadda duk ke tare da shi tana da ƙuri'a 2 cikin 3. Ta haka rumbun da ake gardama a kansa ya zama shi ne alƙalin gardamar. Duk da haka lambar jimlar nan mutum ne ke rubuta ta da hannunsa, in kuwa ya rubuta ƙasa da gaskiya, to, ya buɗe ƙofar da aka yi wahalar rufewa.

Lamba bakwai da lamba shida

Na'urorin DEC da na IBM masu tsada ne ƙwarai. Abin da ya kawo gungu ga matsakaitan kamfanoni shi ne igiyar SCSI, wadda aka tsai da ƙa'idarta a Amurka a shekarar 1986. A kan igiya guda ana iya rataya abubuwa 8, daga baya aka kai 16, kowanne da lambarsa. Bisa al'ada katin da ke cikin na'ura shi ke ɗaukar lamba 7, domin ita ce mai fifiko. To, in za a rataya na'urori biyu a igiya ɗaya, dukansu da 7 suke fitowa daga masana'anta, sai mai saiti ya tuna ya mai da ɗaya 6, in ya manta ba abin da zai tafi daidai. Haka kuma dole a toshe bakin igiyar biyu da wani ɗan marufi mai hana saƙo dawowa kamar amsa-kuwa. Idan marufin a cikin na'urar yake, ranar da aka cire ta don gyara sai igiyar duka ta rikice, ta ja lafiyayyar ƙasa. Don haka ƙwararru suka riƙa amfani da igiya mai reshe biyu, marufin yana waje, yadda za a iya zare na'ura ba tare da an taɓa shi ba.

A shekarar 1997 kamfanin Microsoft ya fito da nasa tsarin gungu na na'urori biyu, wanda aka yi wa laƙabi da Wolfpack tun ana ƙera shi. Shi ma ya sa faifan raba gardama, amma da wata dabara mai kama da ƙalubalen 'yan dambe. Na'urar da ke riƙe da faifan takan sabunta kamunta kowane sakan 3. In ɗayar ta daina jin bugun zuciya, sai ta aika da umurnin da ke warware duk wani kamu a igiyar, sa'an nan ta jira kamar sakan 10. Idan mai riƙon tana raye, kafin lokacin ya cika ta sake kamawa, mai ƙalubalen sai ta janye ta ajiye aiki. In kuwa ta dawo ta iske faifan a sake, ta tabbata 'yar'uwarta ta mutu, sai ta kama ta hau aiki. Aibin dabarar shi ne umurnin warwarewar yana girgiza duk abin da ke kan igiyar. Daga baya aka shigo da kamu mai ɗorewa, inda kowace na'ura ke rubuta shaidarta a ma'ajin, mai rinjaye kuma ta iya goge shaidar wadda aka kora, ma'ajin da kansa ya ƙi karɓar rubutunta. Daga fitowar Windows Server 2008, Microsoft ya wajabta wannan hanya.

Masu aikin gungu a Linux kuwa suka ce zato ba ya isa. Kafin na'ura ta karɓi faifan wata, sai ta aika wa makunnin lantarkin waccan umurni ya yanke mata wuta ɗungum. Sun sa wa dabarar suna STONITH, taƙaitawar wata magana ta barkwanci mai nufin a harbi ɗayar a ka. Hujjarsu ita ce, wadda aka kashe da hannu ita ce kaɗai aka tabbata ba za ta farka ta yi rubutu ba.

Rumbu ya yi nisa da gida

Ana cikin haka shi ma rumbun yana canza kama. A shekarar 1988 masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa bayanin da ya yaɗa sunan RAID, watau a tara ƙananan faya-fayai masu araha, a warwatsa bayani a kansu tare da wani lissafi na ƙari, yadda in ɗaya ya mutu za a iya sake gina abin da ke cikinsa daga sauran. A shekarar 1994 aka amince da ƙa'idar Fibre Channel, wadda ke ɗaukar saƙon faifai ta zaren gilashi har nisan kilomita 10. A wannan shekara kuma IBM ya fito da Parallel Sysplex, mai haɗa manyan na'urori har 32, da wata na'ura ta musamman a tsakiya mai riƙe da makullai. Kamfanin Oracle, wanda ya daɗe yana gudanar da rumbun bayanansa a kan gungu, ya fito da tsarin RAC a 2001.

Da ma'aji ya zama babban akwati guda mai hidima ga ɗaruruwan na'urori, sai aikin saiti ya ƙaru. Kowane kati yana da suna na dindindin wanda babu irinsa a duniya. Da wannan suna ake shata iyaka a mahaɗar zaren gilashi, a ce wane zai ga wane, da shi kuma ake gaya wa ma'ajin wane yanki zai nuna wa wace na'ura. In aka yi sake baƙuwar na'ura ta hango yankin gungu, tana iya ɗaukarsa sabon faifai ne ta buga masa hatiminta. Haka nan kowace na'ura tana bukatar kati biyu da mahaɗa biyu, da manhajar da za ta gane cewa faifan da take gani ta hanyoyi dabam-dabam guda ɗaya ne.

Nisan da zaren gilashi ya bayar ya sa aka soma ajiye tagwayen faifai a gini dabam. Amfanin haka ya fito fili ran Lahadi, 5 ga watan Mayu na 1996, sa'ad da gobara ta ci babban ofishin bankin Crédit Lyonnais a birnin Paris. Gungun VMS na bankin yana da rabi a wani wuri, bayanan da ke kansa suka tsira, aka koma ciniki bayan hutun ƙarshen mako.

Ranar da rumbun kansa ya faɗi

Sai dai tara dukiya wuri guda yana da nasa haɗari. A ƙarshen watan Agusta na 2010 wani babban ma'aji na gwamnatin jihar Virginia ta Amurka ya sami matsala a allon ƙwaƙwalwarsa, binciken da aka yi kuma ya nuna kuskuren hannu wajen canza allon ya ƙara dagula al'amarin. Hukumomi fiye da 20 abin ya shafa, ofisoshin ba da lasin tuƙi kuwa sun yi kamar mako guda ba su iya ba da lasin ba. A watan Disamba na 2016 irin wannan ta sami hukumar haraji ta ƙasar Ostareliya, inda aka tarar wasu daga kayan aikin farfaɗo da ma'ajin a cikin ma'ajin da ya faɗi aka ajiye su, kamar mai kulle mabuɗin ɗaki a cikin ɗakin.

Wannan tsoro na cikin abin da ya sa manyan kamfanonin intanet suka bi wata hanya. A shekarar 2003 injiniyoyin Google suka bayyana tsarinsu, inda ba rumbu guda, kowane guntun bayani ana ajiye kwafinsa 3 a na'urori dabam-dabam masu araha. Amma ko a nan tsohuwar tambayar ba ta kau ba, domin dole a san kwafin wa za a bi in an sami saɓani. Hanyoyin da ake bi, irin su Paxos na Leslie Lamport da aka wallafa a 1998, da Raft na Jami'ar Stanford na 2014, duka a kan rinjayen ƙuri'a suka tsaya. Bankuna da kasuwanni da yawa kuwa ba su rabu da ma'ajin tarayya ba.

Daga cikinsu har da kasuwar Tokyo. Binciken da aka yi bayan abin ya faru ya gano cewa jim kaɗan bayan ƙarfe bakwai na safe ne ƙwaƙwalwar ma'aji na ɗaya ta lalace. Akwai wani saiti mai faɗa wa na biyu abin da zai yi in ɗan'uwansa ya faɗi ta wannan fuska, an kuwa bar shi a kashe. A tsohon ƙirar na'urar, ko da saitin yana kashe, na biyun yakan karɓi aiki bayan sakan 15. Amma a ƙirar da aka sa tun shekarar 2015 ma'anar ta canza, kashe ya zama kada a karɓa sam, littafin bayanin da kamfanin Fujitsu ya bayar kuwa ba a gyara shi ba. Shekara biyar ke nan kasuwar tana tafiya da mataimakin da ba zai tashi ba, ba wanda ya sani, domin gwaje-gwajen da aka yi ba su kwaikwayi irin wannan lalacewa ba.

Injiniyoyi sun juya aikin zuwa ma'aji na biyu da hannu tun da hantsi. Duk da haka shugabannin kasuwar suka ƙi buɗewa, domin sake tayar da na'urorin zai shafe odar da dillalai suka riga suka aiko, ba a kuwa taɓa yin yarjejeniya da su a kan yadda za a yi a irin wannan hali ba. Washegari, 2 ga wata, aka koma ciniki. An gyara saitin cikin 'yan kwanaki, aka kuma kafa kwamiti tare da dillalai don tsara ƙa'idojin sake buɗe kasuwa a tsakiyar wuni. Shugaban kasuwar, Koichiro Miyahara, ya ajiye aikinsa a ƙarshen watan Nuwamba na wannan shekara.